Ɗalibi Mai Ba da Labari da Jan Biron Malamin Turanci

Cikin labaran da matasan marubuta ke sakawa a WhatsApp da Wattpad daga Gusau, Ƙauran Namoda, Birnin Kebbi da Jega, ana cin karo da wani salo: yarinya ko yaro ɗan sakandare ne ke ba da labari da bakinsa, kuma abin da ya sa ya ɗauki biro shi ne malamin Turanci ya ba da aiki. Salo ne da nake ƙauna ƙwarai, domin yana amsa tambayar da mai karatu ke yi a zuci ko bai furta ba: me ya sa wannan yaron yake buɗe mana cikinsa, kuma wa yake faɗa wa? Sai dai duk wanda ya daɗe yana duba irin wannan rubutu zai lura wuri ɗaya yake yawan karyewa. Marubuci zai ambaci aikin malam a shafin farko, daga nan ya manta da shi, ya ci gaba da zuba labari kamar babu malam, babu maki, babu ranar karɓar takarda. Alhali ƙarfin salon gaba ɗaya yana cikin waɗannan abubuwa uku.

Ba baƙon abu ba ne a adabinmu mai ba da labari ya san wanda ke saurarensa. A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin ne zaune yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa, kuma zamansu a gabansa shi ke saita irin maganar da zai yi. Labarin matasa juya zaman yake yi: ɗalibi ke magana, malami ke saurare, kuma malamin yana riƙe da jan biro. Wannan juyin ne ke haifar da tsoro, kunya, ɓoye-ɓoye da ƙarya, waɗanda su ne abincin labari.

Littafin da ya fi shahara da wannan dabara shi ne The Outsiders na S. E. Hinton, wanda ya fito a Amurka a 1967, marubuciyar tana budurwa 'yar shekara 18. Yaro ɗan shekara 14 ne ke ba da labarin, sai a ƙarshe mai karatu ke gane cewa littafin dukansa aikin da malamin Turanci ya ba shi ne don ya tsira daga faɗuwa, har jimlar ƙarshe ta zama ita ce jimlar farko. Dabarar ta zauna a can saboda marubuciyar ta share mata hanya: yaron ya tambayi malam tsawon da ake so, aka ce kada ya gaza shafi 5, ya nemi izinin wuce haka, aka ba shi. Wanda ya kwaso wannan ƙarshen ya dasa shi a makarantar gwamnati a Talata Mafara ba tare da gyara ba, mai karatu ba zai yarda ba. Kowa ya san abin da malamin Turanci ke nema a nan, domin jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ce ke saita shi.

Ya kamata marubuci ya san wannan jarrabawa kamar zai zauna ta gobe. A takarda ta biyu ta Turanci ana ba ɗalibi tambayoyin insha'i 5 ya zaɓi ɗaya, ya rubuta abin da bai gaza kalma 450 ba, a cikin kimanin minti 50. Da rubutun hannu matsakaici, wannan shafi biyu da rabi ne na littafin rubutu. Makin 50 ne, an raba shi huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da jeren haruffa da alamomi. A wannan kashi na ƙarshe mai maki yana bin takarda yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa, kowane kuskure a cire rabin maki, kuskure 20 ya cinye kashin baki ɗaya. Wanda bai samu akalla C6 a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya ci sauran darussa.

A duba wannan rabon da kyau, domin halin mai ba da labarinka yana ciki. Gaskiyar da yarinya za ta faɗa game da gidansu ba za ta kawo mata fiye da maki 10 ba, kuma faɗin gaskiya yana buƙatar kalmomin da ba ta saba rubutawa ba, wanda ke nufin ƙarin kurakurai. Yarinya mai wayo ta san haka tun aji huɗu. Za ta zaɓi jimlolin da ta haddace, masu aminci, waɗanda ba sa jawo jan biro. Ke nan ɗalibin da ya zauna ya amayar da sirrinsa a aikin farko ba ɗalibin makarantunmu ba ne. Namu yakan fara da ɓoyewa, kuma tsarin makin kansa ne ya koya masa.

Darasi mafi girma a wannan salo daga nan yake fitowa: a nuna wa mai karatu takarda biyu, wadda ɗalibi ya rubuta wa kansa da wadda ya miƙa. Elizabeth Acevedo ta yi haka a The Poet X na 2018, inda ake ganin daftarin farko na yarinyar cike da abin da ke cin ranta, sannan a ga wanda ta ba malama, an goge shi tas. Marubucin Hausa yana da abin da ya fi nata a hannu, domin a wurinmu takardun biyu ba ma da harshe ɗaya ake rubuta su ba. Ga misali. Yarinya 'yar aji biyar a Argungu, malam ya ce a siffanta wani biki na garinku. A bayan littafin lissafi ta rubuta:

"Baba bai shiga ruwa ba bana. Ya sai da homatai ran da anka kwantar da Inna asibiti. Da anka buga bindiga mutane sunka ruga Matan Fada, shina zaune zaure shina gyaran rediyon da ba abin da ya same shi."

Abin da ta miƙa kuwa:

"Bikin kamun kifi na Argungu biki ne mai muhimmanci. An fara shi a shekarar 1934. Masunta masu yawa suna shiga ruwa da homa da gora. Wanda ya kama kifi mafi girma yana samun kyauta. Baƙi suna zuwa daga ƙasashe daban-daban. Kowa yana farin ciki."

Malam ya rubuta a ƙasa: "Da kyau. Kula da sakin layi. 31/50." Marubuci ba ya buƙatar ƙara ko kalma ɗaya. Mai karatu ya riga ya san jimlar ƙarshe ƙarya ce, ya san dalilin ƙaryar, ya kuma ga malam ya ba ta maki. Kuskuren da ake yawan yi a daidai nan shi ne marubuci ya kasa haƙuri, ya sa yarinyar ta yi sakin layi guda tana bayyana yadda zuciyarta ta karye da ta rubuta "kowa yana farin ciki". Wannan bayanin yana ƙwace wa mai karatu aikin da ya riga ya yi da kansa.

Misalin ya kuma warware wata matsala da ke damun marubuta da yawa: yaya za a sa insha'in Turanci a cikin littafin Hausa? Wasu sukan liƙa Turancin gaba ɗaya. Illarsa biyu ce. Masu karatu da dama za su tsallake shi, alhali nan ne zuciyar labarin. Sannan marubuci yakan rubuta shi da nasa Turancin na wanda ya gama jami'a, sai a ga 'yar aji biyar tana rubutu kamar editan jarida. Hanyar da ta fi aiki ita ce a faɗa sau ɗaya, a farko, cewa da Turanci ta rubuta, daga nan a riƙa kawo aikin da daidaitacciyar Hausa mai tauri, gajerun jimloli, babu karin magana, babu salon baka. Muryarta ta gaskiya kuma a bar ta da Hausar garinsu, da "munka" da "sunka" da "wanga", daidai gwargwado, yadda mai karatu a Kano ko Zariya ba zai ɓata ba. Kunne zai bambance su ko ba a sa kanu ba. Idan akwai wurin da kuskuren Turancin kansa ke da aiki a labarin, a kawo jimla ɗaya ko biyu kawai. A zaɓi kurakurai biyu ko uku na gaske, irin musanya p da f ko ruɗewar lokutan aiki, a riƙe mata su, su riƙa raguwa daga zango zuwa zango. Kada a mai da su abin dariya. Yaron da aka fara koyar da shi da Turanci sosai daga aji huɗu na firamare, a garin da ba a jin harshen a kasuwa ko masallaci, ƙoƙari yake yi babba, kuma littafin da ke magana da bakinsa bai kamata ya yi masa ba'a ba.

Game da yawan ayyukan, littafi mai kalma 40,000 yana ɗaukar 5 ko 6. Fiye da haka sai ya koma littafin darasi. Kowanne a nuna kalma 100 zuwa 200 daga cikinsa, a ajiye cikakken na kalma 450 sau ɗaya tak, inda labari ya kai ƙololuwa. Nau'o'in tambayar WAEC da kansu sun isa su zama tsanin labari, domin kowanne yana canza wanda ake yi wa magana. Siffantawa tana da sauƙin ɓuya, shi ya sa ta dace da farko. Wasiƙar zumunci, mai adireshi ɗaya, ana rubuta ta ga yaya ko ƙawa, kuma idan yayan nata ya tafi ci-rani Legas ko Ibadan ya daina kira, aikin aji ya zama wasiƙar da take son aikawa da gaske. Wasiƙar hukuma, mai adireshi biyu da kanu da sa hannu, galibi ga shugaban ƙaramar hukuma ake cewa a rubuta ta kan matsaloli uku na yanki. Wannan ce mafakar marubuci mai son wa'azi. Duk wani "ya kamata gwamnati ta" da ke cin ransa, a kwashe shi daga bakin yarinyar a zuba a wannan wasiƙa, inda ya dace, kuma a bar ta ta zaɓi matsalolin da 'yar shekara 16 za ta zaɓa: rijiyar burtsatse da ta lalace, gadar da ambaliya ta cinye, ajin da babu benci.

Muhawara ta fi su duka nauyi a wannan yanki namu. Tsohuwar tambaya ce a ce ɗalibi ya kare makarantar kwana ko ta jeka-ka-dawo, kuma shekaru da yawa wasa ne na iya magana. Bayan an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, da abin da ya faru a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, tambayar ta daina zama wasa a Zamfara da Kebbi. Idan malam ya raba aji biyu ya jefa mai ba da labari a ɓangaren da zai kare makarantar kwana, alhali mahaifinta ya cire yayarta daga can, an samu babi guda ba tare da an nuna bindiga ko ɗaya ba. Ina roƙon marubuta su taka wannan wuri a hankali. Mutanen da abin ya shafa suna raye, suna karatu. Ba sai an ari labarin wata yarinya ta gaskiya ba, kuma ba dole mai ba da labari ta zama wadda aka sace ba. Gurbin da babu kowa a benci, da sunan da monita ya daina kira, sun ishi mai karatun da ya san ƙasar.

Nau'in da ya fi dacewa da ƙarshe shi ne wanda ake cewa rubuta labari da zai ƙare da wata jimla, ko ya fassara wata karin magana. Nan ne ɗalibi ke samun rigar ɓuya: zai iya faɗin gaskiya duka ya ce ƙirƙira ce. Akwai kuma sashen taƙaitawa, wanda marubuta ba su cika lura da shi ba, inda ake matse dogon rubutu galibi cikin jimloli 6. Yarinyar da ta kware a wannan, ranar da aka tambaye ta abin da ya faru a gidansu, tana iya amsawa da jimloli 6 masu lamba, kuma hakan zai fi kuka shiga rai.

Wata dabara ita ce ɗalibi ya kauce wa tambaya. A The Catcher in the Rye na 1951, an nemi yaron ya siffanta ɗaki ko gida a madadin abokin ɗakinsa, sai ya rubuta kan safar hannun wasan ƙwallo ta ƙanensa da ya rasu, wadda ƙanen ya cika da waƙoƙi da koren tawada. Abokin ya fusata, yaron ya yage takardar. Kaucewar ce ta nuna abin da ke ransa. Mai son amfani da ita a nan ya tuna hukuncinta: wanda ya bar tambaya ya rubuta wani abu, makin abin da aka faɗa ya tafi, sauran ma su raunana. A bar hukuncin ya sauka a kansa. Idan malam ya rungume shi ya ba shi 50/50 saboda ya taɓa masa zuciya, an bar makaranta an shiga mafarki.

Wannan ya kawo mu ga malamin, wanda shi ne mutumin da aka fi ɓatawa a irin waɗannan labarai. A yi lissafi. Malami mai azuzuwa 4, kowanne da ɗalibai 70, yana da takardu 280 a kowane aiki. Idan ya ba kowace minti 3 kacal, sa'o'i 14 ke nan, ban da koyarwa, ban da gonarsa, ban da iyalinsa. Irin wannan malami ba ya rubuta wa ɗaliba wasiƙar shafi guda a ƙasan aikinta. Kalma biyu ce ko uku, wani lokaci maki kawai, wani lokaci ma littattafan su yi mako uku a ofis. Wannan ƙarancin dukiya ce ga marubuci. Idan ayyuka huɗu sun dawo da "kula da sakin layi", na biyar ya dawo da "ki same ni a ofis", gaban mai karatu zai faɗi tare da nata.

Ɗan bautar ƙasa, wanda yara ke kira kofa, yana da amfani na musamman. Shekara ɗaya yake yi, tafiyarsa kuma sau da yawa tana faɗowa a tsakiyar shekarar karatu, saboda haka akwai ranar da ƙofa za ta rufe. Idan daga kudu ya zo ba ya jin Hausa, ɗalibi yana iya faɗa masa abin da ba zai faɗa wa malami ɗan gari ba, wanda ke sallah sahu ɗaya da babansa. Kuma akwai abin da ba zai iya karantawa ba ko ya gani. Yaran nan makaranta biyu ko uku suke yi, boko da safe, Islamiyya da yamma, wasu da allo. A ƙasar Gwandu da ta gaji karatun Abdullahi ɗan Fodiyo, ba abin mamaki ba ne a samu yarinya mai iya ajami. Layi ɗaya na ajami a gefen insha'in Turanci, wanda kofa ya ɗauka ado ne ko addu'a, yana iya ɗaukar sirrin littafin gaba ɗaya har ranar da malamin Arabiyya zai ɗaga littafin a teburin ofis.

Abu ɗaya nake gani bai kamata a yi sassauci a kansa ba: mai da malamin masoyi. Ta fuskar sana'a yana kashe salon, domin da zarar yarinya ta fara rubutu don ta burge shi, takarda biyun nan sun zama ɗaya. Ta fuskar amana kuma ya fi muni. 'Yan aji uku da huɗu ne ke karanta waɗannan littattafai a wayar yayyensu, kuma bai dace a ƙawata musu abin da a zahiri cin amana ne ba. Idan ɗaliba ta rubuta abin da ke nuna tana cikin haɗari, duka ne ko yunwa ko auren da za a cire ta makaranta saboda shi, malamin kirki a garuruwanmu ba ya ɗaukar babur ya nufi gidansu shi kaɗai. Yakan bi ta hannun malama mace, ko firinsifal, ko shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wani lokaci liman ko mai unguwa. Hanyar tana da jinkiri, tana iya cin tura, maganar tana iya fita ta dawo wa yarinyar da fushin gida. Duk wannan labari ne, kuma ya fi ceton gaggawa kama da gaskiya.

Margaret Peterson Haddix, a littafinta na 1996 mai suna Don't You Dare Read This, Mrs. Dunphrey, ta gina komai kan alƙawari ɗaya: malama ta ce a riƙa rubuta kundin yau da kullum, duk shafin da aka sa wa alamar kada a karanta ba za ta karanta ba. Yarinyar ta ɓoye a ƙarƙashin alamar cewa uwarsu ta tafi ta bar ta da ƙanenta, har ranar da ta ba da izini da kanta. Wannan tsarin yana karɓuwa a nan fiye da na Hinton, domin malami na iya ba da littafin rubutu mai warƙa 80 a yi ta cikawa a hutu. Amma tambayar da ke can ba ita ce ta nan ba. A gidanmu barazanar ba malama ba ce kaɗai. Ina yarinyar da ke kwana ɗaki ɗaya da 'yan uwa huɗu za ta ɓoye littafi? A jakar Islamiyya, ƙarƙashin katifa, cikin kwanukan jeren Inna? Yaushe take rubutun, bayan wanke-wanke, kafin magariba, ko da fitilar waya bayan kowa ya yi barci? Ƙanenta na firamare ya iya karatu? Marubucin da ya amsa waɗannan ya samu babi biyu ko uku kyauta. Sannan akwai kunya. Yarinyar da ta tashi ana ce mata sirrin gida ba ya fita, ba za ta kira sunan mahaifinta ba ko a takardar da ba mai gani, kuma ba za ta rubuta cewa Baba da Inna sun yi faɗa ba. Za ta rubuta cewa yau Baba ya ci abinci a waje, kuma Inna ba ta aiki kowa ya kai masa ruwa ba.

A kan murya, kurakuran sanannu ne, ba sai an daɗe ba. Yaro ɗan shekara 15 ba ya jera karin magana uku a sakin layi ɗaya. Idan ana son su, a sa ya ce kakarsa ce ke faɗa, wani lokaci ma ya fahimce su a karkace. Ba ya sanin abin da aka tattauna a ɗakin da ba ya ciki, sai dai ya ji ta bayan zana, ko ƙanwarsa ta kawo masa rabin magana. Yana yanke wa manya hukunci bisa kuskure, kuma a bar kuskuren ya zauna har labari ya gyara shi. Kayan makarantar waje da ake kwasowa daga finafinai, irin akwatunan bango da liyafar rawa ta ƙarshen shekara, a mayar da su inda suka fito. Muna da namu: taron safe a fili, sharar aji, monita mai rubuta sunan masu surutu da masu yin Hausa a aji, mai sayar da awara a bakin ƙofa lokacin tara.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne lokacin da ake rubutun. Ko dai ɗalibi yana rubutawa bayan komai ya wuce, ko yana rubutawa abin na faruwa. Idan na farko ne, ya san ƙarshe, yana da ikon cewa "da na sani", amma ba zai yi kamar yana mamakin abin da ya riga ya gani ba. Idan na biyu ne, babi na uku bai san babi na goma ba, kuma jimla irin "ashe wannan ce ranar ƙarshe da zan gan shi" haramun ce a gare shi. Gauraya biyun shi ne kuskuren da ya fi yawa a rubutun da ake sakawa babi-babi a waya, domin marubuci yana son jan ran masu jiran na gobe. A yanke shawara kafin a rubuta shafin farko.

Kalandar makaranta ma a zana ta a takarda: zango uku, daga Satumba zuwa Yuli, kowanne mako 12 ko 13, da gwaje-gwajen tsakiyar zango, da WAEC wajen Mayu da Yuni ga 'yan aji shida, NECO na biye. A ɗora azumi da sallah a inda suka faɗo a shekarar da aka zaɓa, a ɗora girbin shinkafa ko albasa da ke rage yawan yara a aji. Idan labarin a Zamfara ne a 2021, a tuna an rufe makarantu a Satumba kuma an katse layukan waya, saboda haka babu malamin da zai aiko da aiki ta WhatsApp a wannan lokaci, kuma ɗalibin da ya ci gaba da rubutu babu wanda ya sa shi ya riga ya zama wani mutum daban da na babin farko.

Kafin a saki littafin, a cire ayyukan ajin duka a jera su a takarda ɗaya, tare da abin da malam ya rubuta a ƙasan kowanne da makinsa, a ba wani malamin Turanci na gaske ya karanta su kaɗai, ba tare da sauran labarin ba. A tambaye shi ko zai ba da irin wannan tambaya a wannan ajin a wannan zangon, ko makin ya yi daidai da rubutun, sannan a wane aiki ne ya fara zargin akwai abin da ɗalibar ke ɓoyewa. Idan ya ce tun na farko, an yi gaggawa, sai a ƙara rufe na farko da na biyu. Idan ya kai na ƙarshe bai ji komai ba, a koma na uku a bar jimla ɗaya ta gaskiya ta zame mata a tsakiyar haddatattun, a sa ta soke ta da layi ɗaya siriri wanda ake iya karanta abin da ke ƙarƙashinsa.